Jagora ga Mai Rubuta Ƙagaggen Labari a Zango: Inda Ake Samo Ilhami da Yadda Ake Riƙe Himma

A cikin matasanmu masu sha'awar alƙalami a Nima da Mamobi da sauran unguwannin Zango na birnin Accra, waɗanda suka fara littafi suna da yawa, amma waɗanda suka kai shi ƙarshe kaɗan ne ƙwarai. Za ka tarar mutum ya rubuta babi biyu ko uku da ɗoki da zafin nama, har ya karanta wa abokansa sun yaba, sa'an nan alƙalami ya tsaya cik. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce maka ilhami ne ya ɗauke masa, yana jiran ya dawo. To, domin irin wannan ɗan'uwa aka tsara wannan jagora. Babu musu ilhami baiwa ce daga Allah, yana ba wanda ya so, amma kamar yadda arziki yake da sababi haka shi ma yake da nasa, kuma gwargwadon abin da na fahimta sababin nan bai wuce mutum ya tara abin faɗa da hannunsa, sa'an nan ya lizimci zama kullum yana faɗarsa ba.

Kafin kome sai a gyara niyya. Ka sami takarda ka rubuta, cikin jimla biyu ko uku, abin da ya sa kake son wannan labari ya fito duniya, da wanda kake so ya karanta shi, ka manna ta a bangon farko na littafin da kake rubutu a ciki. Ranar da kasala ta sauko, kuma lalle za ta sauko, wannan takarda ce za ka koma gare ta.

Babbar cutar da take kashe zuciyar marubucinmu ita ce zaton da yake yi cewa unguwarsa ba ta isa a yi labari a kanta ba, sai ya ɗauki taurarinsa ya kai su wani katafaren gida a Landan ko Dubai, inda bai taɓa sa ƙafa ba, bai san ƙamshin wurin ba, bai san yadda mutanensa suke gaisawa ba. Ba a jima ba sai abin faɗa ya ƙare masa, domin aro ne, shi kuwa aro ba ya daɗewa a hannu. Alhali kuwa malamin da ya fi kowa suna a rubutun Hausa a ƙasar Gana, watau Alhaji Umaru na Kete-Karachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya kuma rasu a Karachi a 1934, bai ɗaga kai ya nemi jigo a nesa ba. Abin da ke gabansa ya duba: ya yi waƙa a kan talauci da wadata, ya yi a kan zuwan Nasara, ya yi a kan annobar murar da ta ratsa ƙasa a 1918, ya kuma rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich bayanin zaman Hausawa da sana'o'insu da tarihin garuruwansu. A zamaninmu ma, Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi, ya fitar da tarin gajerun labaransa mai suna The Prophet of Zongo Street a 2005, Ayesha Harruna Attah kuma ta fitar da The Hundred Wells of Salaga a 2018, aka karanta su a ƙasashe masu nisa. Dukansu biyu da Turanci suka rubuta, saboda haka filin Hausa yana nan da faɗinsa yana jiran mai shiga.

Ka dubi irin dukiyar da kake zaune a kanta. Nima ta kafu ne tun wajen 1931, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami izinin zama a filin daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Sabon Zango kuwa ya riga ta, Malam Bako ne ya kafa shi a farkon ƙarni na ashirin. Daga nan aka yi ta tururuwa, Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Dagwamba da Wangarawa da Yarabawa, kowa da abin da ya koro shi daga gida da abin da yake fatan samu a bakin teku, suka taru a gida ɗaya suna shan ruwan famfo ɗaya, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Akwai fataucin goro, wanda a dā yake bi ta Salga a kan jakuna zuwa Kano, daga baya ya koma jirgin ruwa zuwa Ikko; Alhasan Ɗantata kansa ya zauna a Accra yana wannan fatauci kafin ya koma Kano. Akwai maigida da baƙinsa, wanda yake saukar da falke, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki, wani lokaci har ya aurar masa da 'yarsa. Akwai tsofaffin soja da suka dawo daga yaƙin Bama. Sa'an nan akwai babbar musibar nan ta watan Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama wa'adin kwana 14 su bar Gana, aka raba miji da mata, aka sayar da gidaje da kekunan ɗinki a wulaƙance, mutanen da aka haifa a nan suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A cikin wannan al'amari kaɗai akwai littafi goma, kuma kusan ba gidan da za ka shiga a Nima ka rasa wanda abin ya taɓa.

Amma fa sanin tarihi daban, samun labari daban, kuma a nan ne ake bukatar ladabi da dabara. Idan za ka je wurin dattijo, kada ka je da na'urar ɗaukar murya a hannu kamar ɗan jarida, kada kuma ka ce masa, “Baba, ba ni tarihin Nima,” domin abin da za ka samu shi ne jerin sunayen sarakuna da limamai wanda ya saba faɗa wa kowa. Ka tafi bayan la'asar da goronka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka gaya masa ko kai ɗan wane ne, ka zauna a ƙasa da inda yake zaune. Rana ta fari kada ka tambayi kome sai lafiyarsa. In ka dawo, ka tambaye shi a kan ƙaramin abu wanda hannu yake taɓawa: nawa ne kuɗin hayar ɗakin da ya fara kamawa, wa ya fara ba shi tuwo a garin nan, me ya sa a aljihunsa ranar da ya baro gida. Ƙaramar tambaya ita ce take buɗe babban baki.

Na taɓa zama wurin wata tsohuwa a Mamobi, a ɗakinta mai kabad cike da kwanonin tasa da na sanga jere bisa jere, kamar yadda iyayenmu mata suke yi. Na lura a jeri na sama akwai murfi guda mai zanen fure wanda ba shi da kwano, sai na ce, “Mma, ina kwanon wannan murfi?” Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba, sa'an nan ta sa aka sauko mata da shi, ta goge shi da bakin mayafinta, ta ce kwanon yana wurin maƙwabciyarta da aka kora a shekarar korar baƙi, a cikinsa ta zuba mata tuwo da miya na guzuri, suka yi alkawari in ta dawo za a haɗa kwano da murfinsa. Ba ta dawo ba, ko wasiƙa ba a samu ba. Mai neman ilhami ya auna wannan da kyau: ga mata biyu, ga alkawari, ga iyakar ƙasa a tsakani, ga kuma tambayar da ba wanda zai amsa sai mai ƙaga labari, watau me ya sami waccan matar a hanya, kuma ina jikokinta suke yau. Da na nemi tarihi kai tsaye, da ban ji wannan ba.

Bayan dattawa sai kunne da ido. Ka sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu, kada ka fita ba tare da shi ba, ko kuma ka keɓe wuri a wayarka. Da asuba ka tsaya wurin mai koko da ƙosai ka ji yadda take tsawata wa mai bashi ba tare da ta kore shi ba, ka ga yadda take ɗaga ludayi sama tana tsiyaya kokon ya huce alhali idonta yana kan yaron da take aike. Ka ji gardamar mata a layin famfo, da kirarin yaran mota a bakin titin Nima, da hirar samari a majalisarsu ta shayi, inda ake lissafin wanda ya tafi Libiya da wanda ya sami shiga Italiya da wanda aka daina jin ɗuriyarsa. Ka rubuta magana yadda aka faɗe ta, da zafinta, kafin ka kwana, domin in ta kwana sai ka gyara ta ba ka sani ba, gyaran kuwa shi ne yake kashe ta. A ƙarƙashin kowace ka sa tambaya ɗaya: me ya sa ya faɗi haka, me yake ɓoyewa? Duk ranar Juma'a bayan an sauko ka karanta abin da ka tara a mako. Mafi yawansa ba zai yi amfani ba, amma za ka ga biyu ko uku suna neman juna, to, daga nan babi yake tsirowa.

Akwai wata shakka da take hana 'yan Zango rubutu, ita ce jin cewa Hausarsu ba ta kai ta Kano ba, tun da yake a nan ba a cika bambanta namiji da mace a lafazi ba, ga kuma kalmomin Tuwi da Ga da Turanci sun shiga. Ra'ayina a nan a fili yake. Muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa gwargwadon iko, domin na Katsina da na Maraɗi su karanta ba wahala. Amma taurari in sun buɗe baki, su yi magana kamar yadda ake yi a lungun Nima, domin tsohuwar Mamobi da take magana da Hausar gidan rediyo ba wanda zai gaskata ta.

Yanzu sai batun himma, wanda shi ne mafi wuya. Dukanmu mun san yadda ake sauke Alƙur'ani a makarantar allo: ba a rana ɗaya ba ne, ba kuma ranar da yaro ya ji daɗi kaɗai ba ne; kullum ana rubuta ɗan abin da allo zai ɗauka, a biya, a wanke, a ƙara, har wata rana a wayi gari an kai ƙarshe. Haka littafi yake. Ka yanka wa kanka ƙa'ida ƙarama wadda ba za ta gagare ka ba ko ranar da kake da gajiya, misali kalmomi 300, kimanin shafi ɗaya ke nan da rubutun hannu. In ka yi haka kwana shida a mako, ka sami 1,800. Cikin mako 30 ka tara 54,000, wannan kuwa cikakken littafi ne. Wanda ya ce sai ya sami hutu zai zauna ya rubuta shafi ashirin a zama ɗaya, galibi shekara takan zagayo ta same shi a babi na uku.

Na san halin gidajenmu, inda iyali goma suke tsakar gida ɗaya, ga rediyon maƙwabci, ga kukan yara, ga lasifikar biki ranar Lahadi, ba ɗakin karatu ba tebur. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin sallar asuba da fitowar rana, kafin a fara sharar tsakar gida. Rabin sa'a a wannan lokaci ya fi sa'a uku da dare bayan an dawo daga kasuwa. Ga 'yar'uwa mai aure, wadda asubarta ta ɗora ruwa ce da shirya 'yan makaranta, ta nemi hantsi bayan gida ya yi shiru, kuma ina roƙon maigidanta ya ɗauki wannan rabin sa'a a kan hakkinta ne. Ka fara da takarda da biro, domin ba su san ɗaukewar wuta ba, su kuma ba sa kawo saƙon WhatsApp a tsakiyar jimla. In kuwa a waya kake rubutu, to duk mako ka aika wa kanka kwafi ta imel, ka kuma ajiye littafin takarda a cikin leda a wuri mai tudu, domin duk wanda yake zaune kusa da babban magudanar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi ya san abin da ruwan watan Yuni yake yi. Wata dabara mai amfani ita ce kada ka tashi sai ka san jimlar da za ka fara da ita gobe. Ka rubuta rabinta ka bari. A watan azumi ka rage ƙa'idar zuwa sulusi, amma kada ka yanke ta gaba ɗaya.

To, idan duk da haka labari ya cije a tsakiya fa? Kada ka yi saurin cewa ilhami ya gudu, domin mafi yawan lokaci illar tana cikin labarin ne, ba a cikin zuciyarka ba. Ka koma ga babban tauraronka ka yi masa tambayar alƙali: me kake so, wa ya hana ka, me za ka rasa in ba ka samu ba? In ka kasa amsa ɗaya daga ciki da jimla guda, ka gano inda ciwon yake. Sau da yawa za ka tarar ka tausaya masa ne, ka sauƙaƙa masa hanya, ka ba shi kuɗi da mata da biza tun babi na huɗu, ba sauran abin da zai nema. Sai ka koma baya ka ƙwace wani abu daga hannunsa, ko ka sa shi tsakanin hakki biyu waɗanda ba za su haɗu ba, kamar saurayin da ya tara kuɗin tafiya Turai sai ga mahaifiyarsa a kwance asibiti. Wani lokaci kuma ilimi ne ya gaza: ka kai tauraro kasuwar shanu alhali ba ka san yadda dillali yake ƙulla ciniki ba, ko ka kai shi kotu ba ka taɓa zama a kotu ba. Maganin wannan ƙafa ce. Ka je ka gani. In zamanin dā ne, ga Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon, wadda tun shekarun 1960 take tara rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, ga kuma ma'ajiyar takardun gwamnati a cikin Accra. Kuma ba laifi ka tsallake babin da ya gagara ka rubuta na gaba wanda kake gani sarai, daga baya ka dawo ka gina gada.

Karatu shi ma abinci ne, kuma marubucin da ba ya karatu ba zai daɗe ba. Abubakar Imam bai rubuta Magana Jari Ce da ka ba. Ya zauna a Zariya ya karanta labaran Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya narka su ya sāke zuba su cikin rayuwar Hausa har ba ka ganin ɗinki. Abubakar Tafawa Balewa kuwa ya gina Shaihu Umar a kan zamanin bauta da fataucin Sahara, wanda a lokacinsa akwai sauran masu tuna shi da rai. Ka kuma lura, ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, gasar rubutu da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 ce ta fito da su, watau an sa wa marubutan wa'adi. Kai ma ka sa wa kanka, ka ce daftarin farko zai kammala kafin Babbar Salla, ka faɗa wa wanda kake jin kunyarsa.

Wannan ya kawo mu ga masu sauraro. Ka zaɓi mutum biyu ko uku, ba fiye ba, ku riƙa haɗuwa duk mako biyu kana karanta musu babi da murya, domin mu mutanen hira ne da tatsuniya, kunne kuwa yana kama tuntuɓen da ido yake tsallakewa. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi don zumunci. Ka dubi fuskokinsu, inda ka ga an fara duba waya ka sa alama, a nan labarin ya yi sanyi. Yana da kyau a cikinsu a sami mace in kai namiji ne, da namiji in ke mace ce, da kuma wanda ya girme ka. Game da sakin labari babi-babi a Facebook ko WhatsApp, kamar yadda marubutan Kano da Kaduna da yawa suke yi, yana da fa'ida, domin masu jiran ci gaba sukan hana mutum barci. Amma shawarata kada ka saki babi na ɗaya sai kana da goma a ajiye, in ba haka ba masu sharhi ne za su karɓe linzamin labarin daga hannunka.

Sai amana. Abin da tsohuwa ta gaya maka a ɗakinta ba naka ba ne ka tallata shi da sunanta. Zango kuwa wuri ne da kowa ya san kowa, canja suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Ka sāke sana'a, ka sāke ƙabila da unguwa, ka haɗa halin mutum uku a jikin tauraro ɗaya, in abin mai nauyi ne ka nemi izini. Giba ba ta zama halal don an buga ta a littafi. Wanda kuma ya ce maka ƙagaggen labari ƙarya ne, ka amsa masa da ladabi cewa ƙarya ita ce a faɗi abu don a yaudari mai ji, mai karanta labari kuwa ya san misali ake buga masa, malamanmu ma sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri a zaurukansu.

Ba zan ruɗe ka da zancen kuɗi ba: kasuwar littafin Hausa a Gana ƙarama ce, mai yiwuwa ne sai ka nemi masu karatu a Nijeriya da Nijar da 'yan'uwanmu da ke Jamus da Amurka. Amma akwai abin da ba ya jira. Wanda yake da shekara ashirin lokacin korar 1969 yau ya haye saba'in da biyar, kuma kowace shekara ana raka wasunsu makwanci da labaransu a ƙirji. Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada makon nan ya fita ba ka sayi goro ka je ka gaida dattijo ɗaya a unguwarku ba, ka dawo ka rubuta shafinka na farko kafin ka kwanta.